Makarantar kuɗin da yarana suke: karatun aji ya yi, jingar gida ce matsalar

Assalamu alaikum iyaye 'yan uwana. Mata da yawa suna tambayata ya makarantar da yarana suke take, ko ta cancanci kuɗin da ake biya, to bari in faɗi abin da na gani da idona. Sunanta dai ba zan kama ba saboda akwai ƙorafi a cikin maganata kuma ba na son taɓa wa kowa hanyar cin abinci, amma firamare ce ta kuɗi a cikin garin Kano, irin matsakaitan nan, ba ta 'ya'yan manya ba ce kuma ba irin wadda ake buɗewa a shago biyu da zaure ba ce. 'Yata tana aji huɗu, ƙaninta yana aji biyu. Ni dai a nawa ganin karatun da ake yi a cikin aji yana da kyau, wasu malaman ma wallahi sun fi ƙarfin albashin da ake ba su, amma jingar da ake loda wa yara su taho da ita gida ita ce take rushe rabin wannan ƙoƙarin, kuma a kanta zan fi tsayawa.

Suna da wani tsari da ya burge ni, duk zango akwai ranar da ake barin uwa ko uba ya shiga aji ya zauna a baya tun daga safe har tashi. Yawancin iyaye leƙawa kawai suke yi su duba littafi su sa hannu su wuce wajen aiki, ni kuwa zama na yi a ajin 'yata har aka kaɗa ƙararrawar tashi. Na san wani zai ce ai ranar malamai gyara zama suke tunda sun san da baƙi, haka ne, amma yara ba sa iya ɓoye abin da suka saba da shi, in malama mai duka ce za ka ga suna noƙewa in ta matso kusa, in mai tambaya ce za ka ga hannuwa sama tun ba ta rufe baki ba. Sannan ga littattafansu da nake dubawa kullum da daddare, su ma shaida ne.

Bakwai da rabi ake asambuli. Addu'a, taken ƙasa, wannan tsohon da aka dawo da shi a 2024 wanda yaran sun fi mu iyawa tunda mu da ɗayan muka tashi, sai duba farce da safa da kai, a yi maci a shiga aji. Ba sa ɓata lokaci a nan kuma ba sa shanya yara a rana, na ji daɗin wannan. Ajin 'yata ba su kai talatin ba, ga fanka, ga farin allo na maka, kowa da kujerarsa. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya yara 35 a firamare, to sun cika wannan, kuma duk wanda ya taɓa leƙa wasu makarantun gwamnati a Kano inda aji ɗaya yake haura yara ɗari ya san ba ƙaramin abu ba ne, ai ba banza gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024 ba. Gaskiya rabin abin da muke biya wannan sararin muke saya.

Darasin farko lissafi ne, kuma Antin lissafin nan Allah ya saka mata da alheri. Rabawa suke yi, irin mai tsawon nan da ake jan gida a sa lamba a ciki, ta rubuta 156 a raba 12. Kafin ta taɓa allo sai ta fito da leda cike da murafen kwalbar lemo ta zuba wa kowane rukuni, ta ce ku 'yan kasuwa ne, ku ɗaura min su dozin-dozin ku gaya min dozin nawa kuka samu. Aji ya kaure da hayaniya, ana ƙirge ana gardama, wani rukuni suka ce 12 wani suka ce 14, ba ta ce wa kowa ka yi kuskure ba sai ta ce ku sake ƙirgawa, har duk suka tsaya a 13. Sai a lokacin ta koma allo ta nuna musu yadda ake samun 13 ɗin ba tare da murafe ba, 12 a cikin 15 sau ɗaya saura 3, a sauko da 6 ya zama 36, 12 a cikin 36 sau uku. Na ga fuskar wata yarinya a gabana ta washe, ta juya tana ce wa ƙawarta ashe abu ɗaya ne. Mu lokacinmu haddar matakan kawai aka ba mu da bulala a gefe, babu wanda ya taɓa ce mana rabawa kasafi ne irin wanda muke gani a gida kullum. Ta ba su guda huɗu su yi a aji, tana zagayawa tana duƙawa kan kowane tebur, waɗanda haddar sau ɗinsu ba ta zauna ba ta ware su gefe suna maimaita gidan shida da gidan bakwai. Wannan darasin shi kaɗai in da haka makarantar take gaba ɗaya da ba ni da ta cewa.

Turanci kuma sai a hankali. A ƙananan aji suna amfani da Jolly Phonics, wato koya wa yaro sautin harafi ya haɗa da kansa maimakon haddar ABCD zalla, kuma na ga amfaninsa a wajen ƙaramin nawa, yanzu duk allon shago da muka wuce a adaidaita sai ya tsaya ya haɗa ya karanta. A nan ba ni da ƙorafi. Amma a aji huɗu abin da na gani shi ne yara suna karatu da ƙarfi sumul, ba gargada, ka ji kamar sun gama iyawa, sai Ankul ɗin ya tambayi me ya sa yaron cikin labarin ya gudu daga gida sai aji ya yi tsit. Da ya matsa sai wani yaro ya duba littafi ya karanto layin da yake da kalmar da aka tambaya, ya ce gud a tafa masa. To wannan ai ba fahimta ba ce, farautar kalma ce. Kuma na san dalili, a makarantar an hana Hausa kwata-kwata, duk wanda aka ji ya yi monita zai rubuta sunansa ya biya tara, shi ma malamin ba shi da ikon ya tsaya ya ce yara kun gane, ga abin da ake nufi. Yaron da zai iya ba ka labarin nan tiryan-tiryan da Hausa an rufe masa baki, wanda zai faɗa da Turancin kuma bai kai can ba tukuna, sai kowa ya yi shiru. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a riƙa koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a ƙarshen 2025 kuma aka soke aka ce a koma Turanci, ni ba wannan ja-in-jar ce ta dame ni ba, ina son 'yata ta iya Turanci sosai don da shi za ta rubuta duk jarrabawar da ke gabanta, abin da nake cewa kawai a bar malami ya yi minti biyu da Hausa ya warware abu in ya cije, sannan a koma. Antin lissafi a ɓoye take yin haka, na ji ta da kunnena tana ce wa wani yaro ƙasa-ƙasa sauko da shidan nan mana, kuma ajinta ne aka fi ganewa. Dikteshin dai suna yi duk sati, rubutun hannunsu ma ba laifi.

Da aka fita tara na zagaya na duba banɗaki don ni nan nake fara auna makaranta. Na mata daban na maza daban, akwai ruwa akwai buta, akwai inna mai kula da ƙananan, ƙofa ɗaya ce sakatarta ta lalace na gaya musu. Filin wasan ƙarami ne sosai, babu inda yaro zai yi gudu ya more, ƙwallo ma sai dai ranar motsa jiki a kai su wani fili a bayan layi. Ba a barin masu talla a bakin get, kowa da abincinsa daga gida.

Kimiyya rabi da rabi ce. A bakin taga akwai gwangwanayen madara da suka shuka wake a ciki, wani an ba shi ruwa da rana, wani an hana shi ruwa, wani an kulle shi a kwali, yaran suka je suka duba suka auna da rula suka faɗi abin da suka gani, na cikin kwalin ya yi tsawo amma ya yi fari fat ya langwaɓe, sai malamar ta ce me ya rasa, suka ce rana. Abu mai sauƙi mara tsada kuma ba za su taɓa mantawa ba. Amma wannan minti goma ne, sauran lokacin duk kwafar not aka yi, malama ta cika allo ta goge ta sake cikawa, yara sun duƙufa suna rubutu hannu na ciwo, masu saurin rubutu sun gama suna surutu marasa sauri ana goge musu tun ba su kai ba. Kuma abin da ake kwafar yana nan a cikin littafin da muka saya da kuɗinmu, kalma da kalma. Na rasa gane amfanin hakan.

Sosiyal ma hadda ce, jihohi 36 da manyan biranensu ana rerawa da waƙa, ƙananan hukumomi 774, Kano tana da 44, an haɗe kudu da arewa a 1914, an samu 'yancin kai a 1960. Duk daidai ne kuma suna fitowa a jarrabawa. Sai dai na tambayi 'yata a hanya ta nuna min ta ina Jigawa take daga inda muke tsaye, jihar da daga Kano aka cire ta a 1991 kuma can kakarta take, ba ta sani ba, domin babu taswira ko ɗaya a bangon ajin. Yaran da aka haifa a gindin Dala, suna wuce ganuwa da Ƙofar Mata kullum, ga Kasuwar Kurmi ga Gidan Makama da tarihin Sarki Muhammadu Rumfa a ajiye, amma ba a taɓa haɗa musu abin da ke littafi da abin da ke bakin titi ba. Da za su ɗauki kuɗin fatin ƙarshen shekara su kai yara Gidan Makama da ya fi.

Hausa sau biyu ake yi a sati kuma a ƙarshen rana aka jefa ta lokacin da yara sun gaji, amma Malam ɗin dattijo ne da ya yi ritaya daga makarantar gwamnati, yana shigowa ya ce ƙulunƙulufita, aji gaba ɗaya suka amsa, barci ya watse. Kacici-kacici, karin magana, sannan ya sa su rubuta gajeren labari yana bi yana gyara musu haruffa masu ƙugiya da raba kalma. Yaran da suka yi tsit a darasin Turanci su ne nan suke rige-rigen magana, har da wanda na ɗauka kurma ne. Addini ba laifi, alwala da farillanta suka yi, abin da sun riga sun sani daga islamiyya. Kwamfuta kuwa akwai ɗaki akwai na'urori 'yan kaɗan amma ranar babu wuta kuma ba a tada janareto ba, sai aka zana musu linzamin kwamfuta a allo suka kwafa, alhali muna biyan kuɗin kwamfuta daban duk zango.

Ƙarfe ɗaya da rabi ya kamata a tashi amma akwai lesin na dole daga aji uku zuwa sama har ƙarfe uku, da kuɗinsa daban. Na ɗauka a lesin ɗin ne za a zauna da yaro a yi jinga, ko a maimaita wa wanda bai gane ba, ashe sabon darasi ake yi, kwantitetif da babal rizinin, wato tambayoyin gwajin basira na lambobi da na kalmomi, saboda shirin kwaman entirans, wannan da NECO take shiryawa ta shiga makarantun tarayya da kuma ta jiha. Yaran aji huɗu fa, saura shekara biyu.

To yanzu ga inda matsalar take. Ranar da na zauna ɗin nan ga abin da aka haɗo 'yata da shi: rabawa guda ashirin, rubuta lambobi daga 400 zuwa 500 da kalmomin Turanci, shafi biyu na kwantitetif, kalmomin sifelin goma kowacce a rubuta sau biyar a kuma sa ta a jimla, ƙarasa not ɗin kimiyya da zanen tsiro a yi masa kala, da haddar jihohin arewa maso gabas. Duk gobe da safe ake so. Ƙaninta ɗan aji biyu shi ma shafi uku. Kuma ba wai ranar ce ta zo da yawa ba, haka abin yake kusan kullum, kowane malami yana bayar da nasa ba tare da ya san abin da ɗan uwansa ya bayar ba, babu mai tsayawa ya haɗa ya ga nawa ya taru a kan yaro ɗaya.

Ku lissafa da ni. Yarinya ta tashi uku, kafin ɗan adaidaita ya sauke sauran yara ya kawo ta uku da rabi ta wuce, ta cire yunifom ta watsa ruwa ta yi sallah ta ci abinci a tsaye, ƙarfe huɗu tana islamiyya har shida. Ta dawo magariba, ga haddar da Malam ya ba ta ita ma gobe za a karɓa, a ci tuwo a yi isha'i, sai wajen takwas za a buɗe jakar boko, a lokacin ko an ɗauke wuta ko ba a kawo ba ma tun safe, ana haska fitila mai caji ko tocilan waya, sauro na cizo, ido na rufewa. Rabawar da na ga ta gane da rana tana murna, a ta bakwai ta fara kuskure, a ta goma sha biyu ta fara kuka, ba don ba ta iya ba sai don jiki ya ƙi. Abin da ya fi ƙona min rai kenan, Anti ta sha wahala ta sa yarinya ta so lissafi da safe, jinga ta zo da daddare ta sa ta tsane shi. Likitocin yara suna cewa ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, yaron da ya kwanta sha ɗaya saura ya tashi asuba ina ya ga wannan, gobe kuma a ce yana gyangyaɗi a aji a rubuto maka a rifot kad. Wasa kuwa babu shi sam, ba 'yar gala-gala ba langa ba zama wajen kaka a ji tatsuniya, ko ɗan aiken gida da wanke-wanke da yarinya ya kamata ta fara koya sai ka ji tausayin sa ta.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, wa yake yin jingar nan? A gidaje da yawa uwa ce, ko yaya, ko ɗan maƙwabta da ke sakandare. Ƙarfe tara na dare za ka ga guruf ɗin iyaye na WhatsApp ya cika da hoton shafin kwantitetif, don Allah wa ya gane lamba ta biyar, wata ta turo amsa kowa ya kwafa wa ɗansa, da safe malami ya ga aji gaba ɗaya sun ci ya ɗauka an gane ya wuce gaba. Yaron da uwarsa ba ta yi boko ba kuma babu mai taya shi, shi ne zai zo da littafi fayau a tsayar da shi a gaban aji, alhali wataƙila ya fi sauran gane darasin. Wannan zalunci ne ko da ba da niyya ake yi ba. Ga kuma abin da suke kira furojet, a ce ɗan aji biyu ya gina gida da kwali har da taga da rufi, kowa ya san kafinta ko mai zane ake kai wa a biya, a jera a ofis ana ɗaukar hoto.

Sai makin. Jinga in za ta yi amfani sai an duba an nuna wa yaro inda ya karkace. Na sha buɗe littafi in ga jan biro an ja dogon layi ɗaya an sa hannu da kwanan wata, a ciki kuwa akwai amsoshin da ba daidai ba an wuce su, sifelin ɗin da aka rubuta sau biyar ba daidai ba duk biyar ɗin babu wanda ya kewaye. Ban ga laifin malaman sosai ba, mutum ɗaya yara kusan talatin kowa da tambaya ashirin, a darasi nawa, yaushe zai duba, ga shi yana tashi shi ma wani lesin ɗin zai tafi a gidan wani don albashin ba ya kai shi ƙarshen wata. Antin lissafi ce kawai nake ganin tana zaɓar guda biyar ta duba da kyau ta rubuta gyara a gefe, wanda ya nuna ita ma ta san biyar ɗin sun isa.

Na samu hedimistires da maganar, kuma ta karɓe ni da mutunci ta ba ni kujera ta saurare ni har na gama, wannan na yaba mata. Amsar da ta ba ni ita ce iyaye ne suke so, ta ce duk lokacin da suka rage sai an zo ana ƙorafi wai makaranta ta yi sanyi, wai ta gaba da su tana bayar da shafi biyar, har a cire yaro a kai can. Ban ji daɗin amsar ba amma na san ba ƙarya ta yi ba, na sha jin mata suna yabon makaranta da cewa ai suna ba da aiki sosai yaro ba ya samun sararin wasa, kamar wannan ne ma'aunin ilimi. To jingar ta zama talla, don idon mai biyan kuɗi ake bayar da ita ba don kan yaro ba. Sai dai ita ce ta karanci koyarwa ba mu ba, ita ya kamata ta tara mu a taron PTA ta yi mana bayani ta tsaya a kan abin da ta san shi ne daidai. A Amurka akwai wata ƙa'ida da ƙungiyoyin malamai da na iyaye suka daɗe suna bi, minti goma a kowane aji, ɗan aji ɗaya minti goma ɗan aji huɗu minti arba'in duka darussa a haɗe, kuma su yaransu ba su da islamiyya da yamma ba su da matsalar wuta. Mu da muke da makaranta biyu a rana ai mu ya fi kamata mu rage. Abin da na roƙa ba shi da yawa, lissafi guda biyar, shafi ɗaya yaro ya karanta wa wani a gida da baki ya faɗi abin da ya gane ko da Hausa ne, a raba ranaku kowane darasi da ranarsa, a bar Alhamis da Juma'a da babu islamiyya don aiki mai ɗan tsawo, sannan awa ɗaya da rabin lesin ɗin nan da muke biya a yi rabin jingar a ciki a gaban malami.

Maganar kuɗi, kuɗin zangon kansa daidai yake da na sa'o'inta a yankin, kuma suna yarda a biya kashi biyu, ba sa koro yaro a satin farko, wannan a halin da ake ciki abin godiya ne. Inda suke cin mutum shi ne ƙananan abubuwa, lesin, kwamfuta, kayan wasanni, rigar Juma'a, kuɗin jarrabawa, fati. Littattafai dole a wajensu za ka saya kuma yawanci irin wanda ake rubutu a ciki ne, ƙani ba zai gaji na yayarsa ba, duk shekara sabo. Darussan ma sun yi yawa, jakar 'yata in na ɗaga sai na ji a kafaɗata, ita kuma da ita take hawa bene. Gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 cewa an rage yawan darussan firamare a sabuwar manhajar da hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta fitar, har yanzu ban ga alamar ragin a jakar nan ba.

Wani abu kuma da za ku sa ido a kai shi ne canjin malamai. Na tambaya aka ce min yawancinsu suna da NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a ƙasar nan, wasu da digiri, amma ba sa daɗewa, yaro ya saba da Anti zango na gaba a ce ta samu wani aikin ta tafi. Ɗan ƙaramin nawa sai da ya yi sati yana ƙin zuwa da aka canza musu tasu. Babban tsorona kenan game da Antin lissafi. Dukan yara dai ba sa yi sosai, ban taɓa ganin shaidar bulala a jikin yarana ba, sai dai tsallen kwaɗo da durƙuso, shi ma na fi ganin ana sa shi a kan rashin yin jinga.

In kina da wanda zai zauna da yaro da daddare, ko yaronki ba ya zuwa islamiyyar yamma sai ta Asabar da Lahadi, makarantar za ta yi miki, musamman ƙananan aji inda ake koyon karatu, nan kam ina ba da shawara ba tare da shakka ba. In kuwa ke kaɗai ce da yara huɗu biyar ga sana'a ga girki, ki yi tunani tukuna, ko ki je da sharaɗinki tun ranar rajista. Kuma duk makarantar da za ku je kada ku tsaya a ofis ana nuna muku kofuna da hotunan bikin yaye ɗalibai, ku ce a ba ku littafin jingar wani yaro ɗan ajin da naku zai shiga, ku buɗe tsakiya ku ga nawa ake bayarwa a rana kuma ko ana gyarawa, ku tambaya ko malami yana da izinin yin bayani da Hausa in yaro ya kasa ganewa, ku leƙa banɗaki.

Ni dai ban cire nawa ba, zango mai zuwa ma suna nan. Amma na rubuta wa malamin ajinsu takarda na ce ƙarfe tara in ta yi ana rufe littafi a gidana ko an gama ko ba a gama ba, zan sa hannu a inda ta tsaya, kuma kada a hukunta ta a kai, wanda yake da magana ya kira ni. Ya amince. Mun kuma haɗu da wasu iyaye mun sa maganar rage jingar a ajandar taron PTA mai zuwa, tare da lesin ɗin Asabar da aka ce za a fara wa 'yan aji biyar, wanda shi kam na riga na gaya musu 'yata ba za ta zo ba.